An ce lemona na da tiristeza: ta yaya ɗakin gwaji ke gane mai kisa da mai sauƙi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da lambun lemo a yankin Bunkure, bishiya 200 da 'yan kai, yawanci lemon zaƙi mai aure, sai lemon tsami da na jera a gefen shinge. Shekara biyu ke nan wasu suna ta yin rawaya suna kaɗe ganye, guda 7 sun bushe ƙurmus. Ɗana da ke jami'a ya ɗebi ganye ya kai aka gwada, takarda ta dawo wai akwai cutar tiristeza. Wani ya ce in sare duka in cinna wuta, wani kuma ya ce cutar iri-iri ce, akwai mai kisa akwai wadda ba ta komai. Ta yaya masu gwaji ke bambancewa? Wane gwaji zan nema kafin in sa gatari?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alherin waɗanda suka bushe. Kafin komai, a jingine gatarin nan tukuna.

In na fahimce ka, tambaya biyu ka ƙunsa wuri ɗaya: yadda ake gane dangin ƙwayar da ke jikin bishiya, da kuma ko sanin dangin zai gaya maka ka sare ko ka bari. Ta farko amsarta na ɗakin gwaji. Ta biyu kuwa, rabin amsarta na cikin lambunka, daidai gaɓar da aka yi wa bishiyar aure. Takardar da ɗanka ya kawo ba ƙarya ta yi ba, sai dai magana ɗaya tak ta faɗa: ƙwayar tana nan. Kamar yaro ne ya shigo ya ce maka ana sallama a zaure, bai ce mai kawo goron gayyata ne ko mai bin bashi ba.

Ita kanta cutar

Tiristeza kalma ce ta Fotugal da Sifen, ma'anarta baƙin ciki. Sunan ya samo asali ne a Kudancin Amurka, bayan da ta bi lambunan Ajantina da Barazil a shekarun 1930 tana kwantar da bishiyoyi. Ta ɓarke a Sifen a 1957, inda ta ci sama da bishiya miliyan 40, a duniya baki ɗaya kuma ana lissafin kusan miliyan 100. Mu ma a Afirka ta Yamma ba baƙuwa ba ce, tun a shekarun 1940 aka rubuta yadda ta durƙusar da lemon tsami a ƙasar da yau ake kira Gana.

Bairos ce, doguwa siririya kamar zare, kuma mazauninta su ne 'yan hanyoyin cikin ɓawo da ke sauko da abinci daga ganye zuwa saiwa. Hanya biyu take bi ta shiga lambu. Babbar ita ce idon da ake yankowa daga wata bishiya don yin aure. In uwar tana da ita, duk dashen da aka aurar da idonta ya gada. Ta biyu darɓa. Darɓar lemo mai duhun jiki ita ce gwanar ɗaukarta, amma darɓar auduga ma tana yi, wadda ka sani sarai a jikin kankana da gurji da kuɓewa a fadamunmu. Ba ta bin ƙwallon da aka shuka, kuma wannan zai yi mana amfani nan gaba.

Fuska uku take nunawa. Akwai kisan gaggawa, wanda ke faruwa idan an ɗora lemon zaƙi ko tanjarin ko garehul a kan gindin lemo mai ɗaci. Ƙwayar na kashe hanyoyin abincin da ke ƙasa da gaɓar auren, sai saiwa ta mutu da yunwa alhali sama na cike da abinci. Shi ya sa za ka ga bishiya ta yi 'ya'ya tinjim fiye da ƙa'ida, sannan ta bushe da su a rataye. Akwai ramukan itace: in ka ɓare ɓawo sai ka tarar da jikin icen duk kwarmi-kwarmi, bishiyar ta tsumbure, 'ya'yan su ƙanƙance. Wannan ba ruwanta da irin gindin da aka yi amfani da shi. Ta uku rawayar ƙananan dashe ce, wadda an fi ganinta a wurin gwaji fiye da lambu. Sannan akwai dangogin da za su shekara 30 a jikin bishiya tana ba ka lemo kana kai wa 'Yan Lemo, ba ka ma san da zamansu ba.

Tsohuwar hanya: a tambayi bishiya

Hanyar da aka fara da ita, wadda har gobe ita ce alƙaliya, ita ce a ɗauki ɗan ɓawo ko ido daga bishiyar da ake tuhuma a manna a jikin wasu dashen da aka raina daga ƙwallo, a ɗakin raga da darɓa ba ta shiga. Su ne shaidu, kuma yawanci biyar ake jerawa. Lemon tsami yana nuna ko ƙwayar na nan. Lemon zaƙi da aka aura a kan lemo mai ɗaci yana nuna ko mai kisan gaggawa ce. Dashen lemo mai ɗaci shi kaɗai yana nuna rawayar ƙanana. Garehul irin Duncan da lemon zaƙi irin Madam Vinous su ke nuna ramukan itace. Lemon tsamin kan yi magana cikin wata ɗaya zuwa biyu. Sauran sai an yi haƙuri, wata 6 har zuwa shekara, kafin a sare su a ɓare a duba.

Ga abin da zai ba ka sha'awa, Alhaji. Lemon tsamin da littattafai ke kira na Meziko, wanda ake ji da shi a matsayin babban mai shaida, shi ne wannan ƙaramin lemon tsamin namu da ka jera a bakin shinge. Ashe kana da shaidu a gida ba ka sani ba. Da sanyin safiya ka tsinko sabon ganyen da ya gama buɗewa, ka ɗaga shi saitin rana. In ƙwayar ta kama shi za ka ga jijiyoyin ganyen suna haske a gutsuttsure, kamar an ɗiɗɗiga da bakin allura, wani lokaci ganyen ya kumbura ya yi kamar cokali. Sai ka yanko reshe mai kaurin fensir ka zare ɓawon. Lafiyayye sumul yake kamar ƙashi. Mai cuta za ka ji kwarmin da farcenka. In duk layin tsaminka kore ne shar, ramukan kuma ɗaya nan ɗaya can, wannan labari ne mai daɗi. In sun tsumbure, icen kamar gara ta yi wasa da shi, to abin da ke yawo a lambun ba mai sauƙi ba ne.

Cikas ɗin wannan hanya a ƙasarmu zafi ne. Alamomin sun fi fita a sanyin da bai wuce digiri 18 zuwa 26 ba. A watan Afrilu na Kano, da rana ke haura 40, ƙwayar kan lafa a jikin bishiya, alamun su ɓuya, mai shaida ya yi gum.

Gwajin riga

Kowace ƙwayar bairos tana sanye da riga ta furotin, kuma gwajin da ake kira ELISA rigar yake cafkewa. Tun 1979 aka fara amfani da shi a kan tiristeza. Ana niƙa ɓawon sabon reshe ko jijiyar tsakiyar ganye, a ɗiga ruwan a faranti mai ramuka 96 wanda aka riga aka shafe da sinadarin garkuwa da aka samo daga jinin dabba, wanda ba ya kama komai sai rigar wannan ƙwaya. Bayan wanki da ƙarin wasu sinadarai, ramin da ke da ƙwayar sai ya rine ya koma rawaya. Kwana biyu an gama. Ina kyautata zaton shi aka yi wa ganyenka, don shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma amsarsa "akwai" ce ko "babu".

Yana da ƙane da na fi so saboda ya dace da halinmu, wato gwajin dangwale. Za ka yanke ɗanyen reshe a gicciye da reza mai kaifi, ka danna bakin yankan a kan wata farar takarda ta musamman, kamar mai dangwala yatsa ranar zaɓe. In ta bushe sai a sa ta a ambulan. Ba ruwanka da ƙanƙara, tana iya yin watanni ba ta lalace ba. A ɗakin gwaji in an wanke ta da sinadaran, sai a duba da gilashin ƙara girma: tambarin reshe mai cuta za ka ga ɗige-ɗige masu ruwan shuni sun kewaye shi kamar zobe, daidai inda hanyoyin abincin suke. Na lafiya kuwa fari fat. Ranar da na fara ganin zoben nan na daɗe ina kallo, don ka ga cutar a mazauninta ne ƙuru-ƙuru.

To ina batun bambance dangi? A nan sai an duba wane sinadarin garkuwa aka sa. Akwai guda biyu da aka samar a Sifen, 3DF1 da 3CA5, waɗanda in an haɗa su suna kama kowace irin tiristeza, ba sa tambayar asali. Akwai kuma MCA13 da aka fitar a Fulorida ta Amurka a 1990, wanda a can yake kama masu kisa ya ƙyale mai sauƙin da suke da ita. Mutane da yawa sun ɗauke shi kamar shi ke nan an gama. Amma abin da yake dubawa ɗigo ɗaya ne tak a jikin rigar, gurbi na 124 a jerin tubalan furotin ɗin. An auna shi ne da ƙwayoyin Fulorida. A Kalifoniya ma, cikin ƙasa ɗaya, an sami waɗanda suka amsa MCA13 amma ba sa ɓarnar a zo a gani. Saboda haka in wani ya ce maka "ta amsa MCA13, sare kawai", ni ba zan sa hannu a wannan hukunci a kan bishiyar Bunkure ba. Ishara ce, a ƙara bincike.

Gwajin asali

In riga ba ta isa ba sai a shiga cikin jiki. Kundin halittar wannan ƙwaya zare ne na RNA mai haruffa kusan 19,300, yana cikin mafiya tsawo a bairos ɗin tsirrai, kuma an fara karance shi kaf a 1995. Da aka karanta na wurare daban-daban aka jera, sai aka ga wani abu: rabin zaren na ƙarshe kusan iri ɗaya ne a duk dangogin, rabin farko kuwa ya sha bamban sosai. Rigar da ELISA ke kamawa daga rabin ƙarshen ake ɗinka ta. Ka ga dalilin da ya sa riga ba ta cika tona asali ba: duk gidan anko suka yi.

Da wannan bambanci aka raba su gida-gida: T36, T30, T3, T68, VT, da RB, daga baya aka ƙara wasu. T36 da T30 daga Fulorida aka san su, na farko mai kisa a kan lemo mai ɗaci, na biyu mai sauƙi. VT daga Isra'ila aka fara bayyana shi. RB kuwa a New Zealand aka gano shi, ya yi suna ne don yana iya shiga wani gindi mai ganye uku-uku da sauran dangogin ba sa iya kamawa.

Na'urar PCR ce ke wannan aiki. A taƙaice, ana tsamo RNA daga ɓawo, a juya shi zuwa DNA, sannan a zuba wasu gajerun mabuɗai da aka ƙera don kowanne ya dace da gida ɗaya kawai. In mabuɗin VT ya sami ƙofarsa, na'urar za ta yi ta kwafar wannan yanki har ya yi yawan da za a gan shi a matsayin layi a kan wani farantin kunun roba. In bai samu ba, wurin ya zauna wayam. Tsarin jera mabuɗai da yawa don rarrabe gidajen ya kankama ne daga aikin da aka wallafa a 2005. Akwai kuma samfurin PCR da ke nuna yawan ƙwayar tun ana cikin gwajin, ya fi sauri kuma ya fi jin ƙanƙanin abu. Tsofaffin dabaru irin na daddatsa kwafin da sinadari a duba tsawon gutsattsarin, ko a bar zaren ya nannaɗe a ga yadda yake tafiya, har yanzu ana yi, amma suna nuna cewa samfuri biyu sun bambanta ne kawai, ba su faɗin wane ne wane.

Na ƙarshe kuma mafi zurfi shi ne a karance duk abin da ke cikin samfurin da manyan na'urorin karatun kundin halitta, kwamfuta ta harhaɗa. Shi kaɗai ne ke iya ganin dangin da ba a ƙera masa mabuɗi ba, ya kuma fallasa wasu cututtukan da ba su aka je nema ba. Shi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Don lambu ɗaya ba zan ce ka kashe wannan kuɗi ba, aikin cibiyar bincike ne ko na masu renon dashe da ke raba ido ga jama'a.

Inda gizo ke saƙar

Abu biyu ke hana sakamakon PCR zama hukuncin ƙarshe. Na ɗaya, bishiyar da ta daɗe a fili da wuya ka same ta da dangi ɗaya. Darɓa ta kawo wannan bana, ta kawo wancan baɗi, idon auren ma ya zo da nasa. Sai ka ga layin T30 da na VT sun fito tare daga reshe ɗaya, wani reshen na bishiyar kuma ya ba da wani abu daban. Har musayar gutsattsari suke yi a tsakaninsu, a sami ruwa-biyu. Kuma darɓa in ta tsotsa ba duka take kwasa ba, tana iya ɗauko mugun da ke lafe a cikin taron ta kai shi bishiyar gaba shi kaɗai, can ya nuna halinsa.

Na biyu, sunan gida ba ya tabbatar da hali. A cikin VT akwai masu ragargaza itace, akwai masu lumana. In an ce T30 kaɗai aka gani, hankali kan ɗan kwanta. In an ce VT ko T3 ko T68, sai a buɗe ido. Amma mai tabbatarwa shi ne a koma wa shaidun nan biyar a jira su.

To me ya sa ake wahalar sanin gidan? Saboda rigakafi. A Barazil sun ceci lemonsu mai suna Pera ta hanyar sa wa dashe ƙwayar mai sauƙi da gangan tun yana ƙarami, don ta tare wa muguwar hanya, Afirka ta Kudu ma haka suke yi wa garehul. A 2010 binciken Svetlana Folimonova da abokan aikinta a Fulorida ya nuna cewa wannan kariya tana aiki ne tsakanin 'yan gida ɗaya kawai: mai sauƙin T30 ba ta hana VT shiga. Don haka kada wani ya sayar maka da dashe ya ce "an yi masa rigakafi" ba tare da an san wane gida ke yawo a yankinku ba.

Abin da zan yi da lambun nawa ne

Zan fara da wuƙa kafin in kashe ko sisi. Je ka wurin bishiyar da ta fara rawaya amma ba ta mutu ba, ka yanke ɓawo mai faɗin yatsa biyu wanda ya ratsa gaɓar auren, rabi sama rabi ƙasa. Juya cikinsa. In gindin lemo mai ɗaci ne kuma tiristeza ce ke cinsa, ɓangaren ƙasa za ka gan shi da 'yan huji-huji rututu kamar an caccaka da tsinke, icen kuma da 'yan ƙayoyi da suka shige cikinsu. Ɗiga aidin na kemis a kan icen: sama zai yi baƙi-baƙi don sitaci ya taru, ƙasa ya zauna fari don abinci ba ya sauka. Wannan yana nuna hanya ta toshe a gaɓar, ko da bai faɗi wanda ya toshe ta ba.

Sannan ka binciki gindin. Tambayi wanda ya sayar maka da dashen a kan me ya yi auren. In ya manta, bar tsiro ɗaya ya fito daga ƙasan gaɓar ka duba ganyen: na lemo mai ɗaci yana da faffaɗan fiffike a wuyansa, kamar ƙaramin ganye a ƙarƙashin babba. Gindin da aka fi yin aure a kansu a Nijeriya, irin su Kiliyofatara da lemon nan mai kaushin ɓawo, suna jure kisan gaggawa. In a kansu bishiyoyinka suke, to akwai yiwuwar ƙwayar tana nan amma ba ita ta kashe guda bakwai ɗin ba. Na sha zuwa lambun da aka ɗora wa bairos laifi, muna tona gindi muka tarar ɓawo ya ruɓe yana zubar da ƙaro saboda ruwan ban-ruwa na kwanciya a jikin kututture, ko gara ta cinye saiwa, ko ƙasar ta yi kanwa har ganye ya kasa samun sinadarin ƙarfe. A yankinku na noman rani, inda ruwa ke wadace, ruɓewar gindi ita nake fara zargi. Daga nan inda nake ba zan iya yanke maka wanne ne ba, sai an tona an gani.

In za ka sake aika samfuri, lokacin ɗiba ya fi komai. Bari sai hunturu, Disamba zuwa farkon Fabrairu, ko kuma sa'ad da sabon toho ya fito cikin sanyin damina. Daga kowace bishiya a yanko sababbin rassa 5 daga kewayenta, gabas da yamma, kudu da arewa, don ƙwayar ba ta bazuwa daidai a jiki. Kowace bishiya da ledarta da lambarta, a shafa wa kututturen lambar da fenti. A haɗa da marasa lafiya, da masu lafiyar da ke maƙwabtaka da su, da lemon tsami biyu ko uku. Busasshiyar bishiya ba ta da amfani a gwaji. A sa a kula mai ƙanƙara a kai a ranar ko washegari. An taɓa kawo mini ganye a baƙar leda da ya kwana biyu a but ɗin mota a tsakiyar bazara. Da na kwance, tururi ne ya fara yi mini sallama, ganyen ya dahu ya yi baƙi kamar an tafasa zogale. RNA ba ya jure haka, kuma da na gwada na ce "babu", da na yi wa mai lambun ƙarya da hatimi.

Kan inda za a kai, ka fara da malamin gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, da ke yankinku, ku tuntuɓi tashar cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Bagauda, ba ta da nisa da kai. Hedikwatarsu na Ibadan, inda cibiyar binciken aikin gona ta IITA ma take da ɗakin gwajin bairos na tsirrai. Su za su faɗa maka inda ake da kayan aikin a lokacin, don sinadaran daga waje ake sayo su kuma ba kullum ake ajiye na lemo ba. Ɗanka ya rubuta buƙatar a fili: ba "a duba tiristeza" ba, wannan an riga an sani. Ya ce ana son PCR mai rarrabe gida, a faɗi mabuɗan da aka gwada ɗaya bayan ɗaya, da waɗanda suka fito da waɗanda ba su fito ba, kuma a tabbatar an sa samfurin shaida mai cuta da marar cuta a gefe.

Kafin sakamako ya dawo, guda bakwai da suka bushe a tumɓuke su, ba abin da za su ƙara. Kada a yanki ido daga lambun a aurar wa kowa, ko kyauta. Feshin darɓa zai rage ta a kan sabon toho, amma kada ka dogara da shi, don kafin magani ya kashe ta ta riga ta tsotsa ta tofa. Gurbin da za ka cike kuma, ka tsaya a kan mai renon dashen sai ya gaya maka gindin da ya yi amfani da shi da bishiyar da ya yanko idon. In ka ɓare gaɓar auren, ɗanka ya ɗauki hoton cikin ɓawon da na ganyen tsamin a saitin rana ya turo mini, mu duba tare.